Kamshaf ɗin da Bai Iya Gaisuwa Ba

Duk faɗin Jalingo, daga Nukkai har Kona, ba a taɓa yin makaniken da ya san cikin injin kamar ni Isa ba, kuma ba na jin za a yi kafin a tashi duniya. A zamanina, ina zaune wurin mai shayi mota za ta gifta a titi, in ajiye kofi in faɗi fulogin da ya mutu a cikinta, in ƙara da cewa mai ita bai karya kumallo ba. Akwai wata akori-kura da na gyara ta tafi Wukari da irin gudun da sai da direban ya sauka ya yi alwala sannan inuwarta ta iso. Wanda bai yarda ba ya je ya tambayi direban, Allah ya ji ƙansa.

Ina gaya muku wannan ne, ku samarin da kuke leƙowa gareji kuna cewa ai kanikanci cire wannan ne a sa wancan. Ni a Jimeta na koyi aiki, hannun wani dattijo da muke ce wa Oga Mai Saje. Abin da ya fara danƙa mini gwangwani ne da fetur da guntun buroshi, na yi ta wankin ƙarafa har tafin hannuna ya koma kamar bayan kada. Da ya ga na daina kuka da yunwa sai ya ba ni dogon sukundireba, ba don in kwance komai ba. Za ka ɗora bakinsa a jikin injin yana aiki, ka manna ƙotar a kunne, ka yi shiru. A nan za ka ji bawul yana taɓa-taɓa, ka ji sarƙa tana jan ƙafa, ka ji fistin yana ƙorafi. Yana da wasu siraran ƙarafunan awon bawul da yake naɗewa a tsumma mai maiƙo, ya fi tattalinsu a kan haƙoransa. Guduma kuwa ba mai taɓa ta sai yana tsaye a wurin.

Na dawo gida na kafa rumfa a gindin wani mangwaro a Mayo Gwoi daidai lokacin da aka mai da Jalingo babban birnin jiha. Garin da a da in mota ta shigo kowa ya san ta wace ce, sai ga ma'aikata sun kwararo daga Yola da ko'ina, kowa da motarsa ƙirar Kaduna, kowa yana neman gida da makanike. Na samu kwastomomi iri-iri. Akwai wanda zai zo ya kwaikwayi kukan motar da bakinsa, akwai wanda zai tsaya a kanka yana karanta maka abin da ɗan'uwansa na Legas ya ce a yi, akwai kuma wanda zai rantse ba abin da ya taɓa alhali ga sawun filaya a kan kowane noti.

A bayan Nukkai wani ɗan kwangila ya share fili, gireda ta yanka tituna miƙaƙƙu a ciki za a yi gidaje, sai mutumin ya ɓace da giredarsa. Samarin ma'aikata suka gano wurin. Duk Lahadi bayan la'asar sai su taru su jera motoci biyu-biyu, wani ya ɗaga hula, a saki totur. Ba kofi ba kyauta, sai dai wanda ya sha kaye zai yi mako yana shan tsiya a ofis. Wanda yake cinye kowa a lokacin wani Danjuma ne ɗan Wukari, mai dariya kamar ana sauke kwanon rufi.

Aikin da nake son ba ku labari na Usumanu ne. Ma'aikaci ne a sakatariya, Bafillacen gari, dogo siriri, a gaban manya ko ƙwayar idonsa ba ka gani, amma in ya kama sitiyari sai ka ce an canja mutum. Ya zo mini da wata safiya ya ce yana son motar da za ta kai shi ofis Litinin zuwa Juma'a kamar ta kowa, ran Lahadi kuma ta rufe wa Danjuma baki. Sai ya rage murya ya ce amma fa kada Bappa ya ji.

Bappa shi ne surukinsa, Alhaji Buba, mai shanun da in suna tsallaka titi sai ka kashe mota ka yi sallar nafila. Shi ya sayi motar sabuwa dal, ya ba mijin 'yarsa makulli da sharaɗi biyu: duk Juma'a Usumanu zai kai shi masallaci, kuma ba ya son gudu. Kowa a unguwar ya san ba wasa yake ba. Ɗan cikinsa ma da ya ji labarin yana ɗaga tayar babur a kasuwa, karɓe babur ɗin ya yi ya jingine a ɗakin harawa har kaji suka yi ƙwai a kan sirdin. In ya ji ana tsere da motar nan, makulli ya tafi ke nan, Usumanu ya koma jiran ɗan acaɓa da fayil a hammata.

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, maganar ta kamshaf ce.

To, ku saurara, don nan ne kuke ganin sauƙi. Kamshaf sanda ce ta ƙarfe a cikin injin, a jikinta akwai ƙulu-ƙulu kamar tozon sa. Tana juyawa, kowane tozo ya tura bawul ɗinsa ya buɗe: wannan ya shigar da mai da iska, wancan ya fitar da hayaƙi. In tozon ya yi tsawo, ƙofar ta buɗe sosai. In ya yi faɗi, ƙofar ta daɗe a buɗe. Injin da yake gudu yana son ƙofofi a wangale, har ma ta shiga da ta fita su haɗu a buɗe na ɗan lokaci, don iska tana rugawa ne, ba ta da lokacin sallama. Amma injin da yake tsaye a sulo, in ka bar masa ƙofofin nan biyu a buɗe, sai hayaƙi ya dawo ciki, mai ya bi ta salansa, ya yi ta tari yana karkarwa. Abin da ka ƙara a sama, a ƙasa ka cire shi. Saboda haka kafin ka zaɓi kamshaf, ba motar za ka tambaya ba, mai motar za ka tambaya: ina yake zuwa, wa yake ɗauka, a giya ta nawa yake wuni. Duk wannan na san shi tun ina Jimeta. Ku riƙe wannan, na san shi.

Muka tafi shagon Emeka mai kayan gyara, wanda yake kawo kayan Beljiyam daga Onica. Ya shiga ciki ya fito da kamshaf biyu a naɗe cikin jarida. Ɗaya tozonsa ya ɗan fi na kamfani kaɗan, sai ka sa ido sosai za ka gane. Ɗayan kuwa an shafa masa jan fenti a kai, Emeka ya ce daga motar tseren Turawa aka ciro shi, kuma tozonsa ko daga bakin titi ka hango shi sai ka yi salati.

Usumanu ya tashi cikin shanu. Na ga ya kai hannu yana shafa tozon mai jan fentin nan, yana matsawa da yatsu yana gyaɗa kai, daidai yadda ake taɓa bijimi a kara. Ɗan ƙaramin ko kallo bai ishe shi ba. Emeka, mutumin da aikinsa sayarwa ne, shi da kansa ya ce, “Oga Isa, wannan ba na gari ba ne, na daji ne. Ɗauki ƙaramin, shi zai yi ofis, shi zai yi Lahadi.”

Da na bi maganarsa da yanzu ba ku da labari. Amma ana cikin haka sai ga Danjuma ya shigo sayen bel, ya leƙa, ya saki dariyar nan tasa, ya ce ai babu makaniken da zai iya zaunar da wannan abu a Taraba. Jama'a, a gabana. Na ce masa ni da ɗan sukurun kafireto guda zan sa injin nan ya yi sulo kamar jariri yana barci, har a ɗora masa kofin shayi a kan banet kada ya zube. Na ce Emeka ya naɗe mai jan fenti.

Aikin kansa, wallahi, ko yau aka buɗe ba zan ji kunya ba. Na sauke injin gaba ɗaya na ɗora a kan tsohuwar taya. Tunda sabon tozo zai tura bawul ƙasa fiye da da, dole in tabbatar ba zai gaisa da fistin ba, don in suka gaisa to sai dai a sayar da injin a kilo. Na ɗebo yumɓu a bakin kogi, na murza na manna a kan fistin, na rufe na juya injin da hannu a hankali, na sake buɗewa na duba zurfin sawun da bawul ya bari. Na sa sifirin masu tauri don kada bawul ya riƙa shawagi in an taka. Na daidaita sarƙa a kan alamarta, na auna tazarar kowane bawul, na buɗa wa kafireto maƙogwaro. Da muka tayar, karnukan unguwa suka watse. Wani irin gurnani yake, gurum, gurum-gurum, gurum, kamar zaki mai shaƙuwa, motar duk tana rawa har eriya. Na murɗa sukurun nan dama, na murɗa hagu. Na ce wa Usumanu sabon abu ne, zai zauna.

Ran Lahadi kuwa ba a magana. Da aka ɗaga hula Danjuma ya fara yin gaba, don tamu sai da ta yi tari ta gyara murya. Amma da allura ta hau, sai na ji wani kuka da ban taɓa ji a ƙasar nan ba. Usumanu ya wuce Danjuma kamar an dasa shi. Ni da nake tsaye a gefe hulata ta bi su, sai washegari wani manomi ya kawo mini ita daga wajen Kona. Aka ɗaga ni sama. Na yi jawabi.

Abin da Baturen da ya ƙera kamshaf ɗin nan bai sani ba shi ne, a garinmu ba a wuce mutum. A ƙasarsu ka shiga mota ka tafi inda za ka. A nan kuwa, daga gidanka zuwa bakin titi akwai limamin unguwa, akwai ƙanin mahaifiyarka, akwai wanda ya yi maka wanzanci, kuma kowannensu sai ka tsaya. Gaisuwar Fulani kuma ba sannu-sannu ba ce a wuce. Sai an tambayi kwana, a tambayi gajiya, a tambayi gida, yara, shanu, ruwan bana, a dawo kan kwana a sake ɗaukowa. Duk wannan lokacin mota tana tsaye a sulo. Tamu kuwa ba ta da sulo. In Usumanu ya ɗage ƙafa daga totur sai ta mutu, in ta mutu da zafinta kuma sai ta ga dama take tashi. Ga birki ya yi tauri kamar dutse in ana tafiya a hankali, don tukunyar birkin da zuƙar injin take aiki, injin kuwa ya daina zuƙa a ƙasa. Kwanakin ofis ya lallaɓa: ya riƙa fita da sassafe, yana ɗaga wa mutane hannu yana nuna agogo.

Sai Juma'a ta zo. Ban je ba, amma an ba ni labarin ta baki daban-daban har na fi waɗanda suka je sani. Alhaji Buba ya shiga gaba da babbar rigarsa da carbi, ya sauke gilashi, don shi tafiya masallaci rabinta gaisuwa ce. Ba su yi nisa ba ya hango wani tsohon amininsa, ya ɗaga yatsa, Usumanu ya tsaya. Alhaji ya ce da Fillanci, “A waali jam?”, wato an kwana lafiya. Kafin amsa ta fito mota ta fara shure-shure, Usumanu ya taɓa totur, vuum. Aminin ya ce jam. Alhaji ya tambayi gida, vuum. Ya tambayi shanu, vuum-vuum. Ku da kuka san surukuta, ku auna: yaron da ko tari ba ya yi a gaban surukinsa, yau ga shi yana take maganar dattawa da hargowar injin kamar mai cewa a gama a tafi. Alhaji ya juyo ya dube shi sau ɗaya. Kunya ta sa Usumanu ya ɗage ƙafa. Mota ta ce ɗif.

Ta ƙi tashi. Dattawan da ake gaisawa da su, da rigunan Juma'a da turare, su suka naɗe hannu suka tura. Ta tashi da wata ƙara da ta sa mai rake ya bar baronsa, ta yi gaba kaɗan, aka sake haɗuwa da wani dattijon. Haka aka yi ta yi. Alhaji Buba, wanda tun kafin a haife ni wurinsa a sahun gaba yake, ranar a kan kwalta ya yi salla, cikin rana, tsakanin mai gyaran takalmi da wani ɗan kamasho.

Bai yi faɗa ba, irinsu ba sa faɗa. Da suka koma gida sai ya ce wa Usumanu Juma'a mai zuwa a zo da motar, a zo da mai gyaran nata. In ta sake yin abin da ta yi, a bar masa makulli, zai aika da ita Yola a buɗe cikinta a gaya masa abin da aka ba ta ta ci. Usumanu ya iso rumfata fuskarsa kamar an wanke da toka. Ya ce, “Oga Isa, in aka buɗe a Yola aka ga jan fentin nan, na shiga uku.”

Ga shi shekarar ce mai ya yi wuya. Ku ba ku ga wannan ba. Layi tun daga gidan mai har ya sha kwana, mutane suna tura motoci da hannu suna cin abinci a kan but, 'yan bumburutu sun zama sarakuna. Mu kanikawa aiki ya tsaya cak, don motar da ba ta tafiya ba ta lalacewa, na kai har ina gyaran injin markaɗe da keken ɗinki. Ba man da zan yi ta gwaji da shi, mai jan fenti kuma shan fetur yake kamar raƙumi ya dawo daga sahara. Na ce shi ke nan, a koma wa ɗan ƙaramin da Emeka ya ce. Na je shago. Emeka ya tafa hannu ya ce ai tun ran Litinin Danjuma ya zo ya saye shi.

Saura na kamfani, wanda na cire. Na birkice rumfa ban gan shi ba. Ashe da na jefar da shi bayan mangwaro, maƙwabciyata mai ƙosai ta tsinta ta ga ƙarfe ne mai kyau, ta kafa shi a ƙasa da taɓarya ta ɗaure ragonta. Sai da na sassaƙa mata turke na itace da hannuna, ragon yana tunkuyina, sannan ta yarda. Na wanke shi da kananzir, na goge tsatsar da takardar yashi mai laushi, na mirgina shi a kan gilashin taga in ga ko ya lanƙwashe. Allah ya taimake ni taɓaryar ta fi shi jin jiki. Na kori duk wani aiki, na sake sauke injin, na mai da tsofaffin sifirin, na ƙuntata wa kafireto maƙogwaronsa, na sake awo daga farko. Mai jan fenti na naɗe shi a buhu na tura ƙarƙashin benci.

Ran Alhamis muka yi gwajin da har yau nake yi wa kowace mota kafin in sallame ta. Usumanu ya zauna a ciki ya naɗe ƙafafunsa a kan kujera don kada ya taɓa komai, ni kuma na tsaya a taga na zama dattijo. Na tambaye shi kwana, gajiya, gida, yara, shanu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ruwan bana da na bara, na dawo na sake. Injin yana ta sit-sit-sit abinsa. Mai shayi ya kawo kofi muka ɗora a banet, ko girgiza bai yi ba.

Juma'a na sa rigata ta Salla, na kankare baƙin mai daga farce, na zauna a baya. Alhaji ya yi sallama ya shiga gaba. Ranar kamar da gayya, ba wanda bai tsaya wa ba, har wani da nake zaton bai san shi ba. A wata tsayawar sai da suka bi zuriyar wata saniya tun daga kakarta. Ni ina baya kunnena yana kan injin, Usumanu ya riƙe sitiyari kamar mai riƙe da ƙwai. Ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Muka isa tun ladan bai hau ba, Alhaji ya wuce wurinsa na sahun gaba.

Da muka dawo ƙofar gida Usumanu ya kashe mota, ya zare makulli ya miƙa da hannu biyu, kansa a ƙasa. Alhaji ya dubi makullin ya ce ya riƙe. Sai ya ƙara da cewa, daga wannan makon yana so a riƙa kai shi ruga ya ga shanu, duk Lahadi bayan la'asar, tunda ya ji an ce lokacin Usumanu ba ya da aikin yi. Usumanu ya ce to, Bappa.

Ni kuwa da na ga an tsira, sai bakina ya buɗe. Na fara yi wa Alhaji bayanin irin aikin da motar nan ta sha a hannuna, yadda na sauke injin har sau biyu, yadda na auna kowane bawul, na ce ko a Kaduna inda aka haɗa ta ba za a samu mai wannan hannu ba. Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi. Sannan ya sa ƙafa ɗaya a waje, ya juyo.

Ya ce, “Sannu da ƙoƙari, ɗana. Ka kusa mai da ita yadda take kafin ka taɓa ta.”